FASHIN BAƘI: Wane fenti ne ke kare ƙarfen babbar mota daga tsatsa, kuma me ya sa ƙyalli ke yaudarar masu saye?

Sabuwar tirela da ta fito daga garejin masu ƙera bodi tana da ɗaukar ido. An fesa mata shuɗi ko ja, an zana mata dawisu a ƙofar baya, an rubuta mata kirari a goshi. Mai ita ya biya, ya yi hamdala, direba ya ja. Bayan damina biyu, duk wanda ya leƙa ƙarƙashinta da tocila zai ga wani abu dabam: fenti ya kumbura a bakin walda, jan ruwa ya zubo daga ramukan kusoshi, sandunan da ke riƙe da daɓen bodin sun fara ɓarewa kamar ɓawon itace. Saman motar yana nan da sauran ƙyallinsa. Ƙasan ne ya tsufa, kuma ƙasan ne ke ɗauke da kaya.

A ƙasa irin Najeriya, inda jirgin ƙasa ke ɗaukar kaso kaɗan na kayan da ke yawo, kusan duk abin da talaka ke ci ko yake sawa a tankin babur sai da ya hau bayan babbar mota. Hatsi daga Dawanau, shanu daga Maigatari da Potiskum, siminti daga Obajana, fetur daga Legas. Motar da tsatsa ta ci kafin lokacinta asara ce ga mai ita, shi kuma a kan kuɗin dako zai fanshe, ɗan kasuwa ya ɗora a kan farashi. Idan kuwa motar gwamnati ce, ta kwasar shara ko ta kashe gobara ko tankar ruwa, asarar ta baitulmali ce kai tsaye.

Tambayar da masu motoci suka fi yi wa mai fenti ita ce: wane fenti ne ya fi ƙarko? Amsar da masana ƙarfe ke bayarwa ba ta cika yi wa mai tambaya daɗi ba. Shafin ƙarshe, wanda ido ke gani, shi ne mafi ƙarancin tasiri a cikin aikin. Ƙarkonsa ya rataya ne a kan yadda aka gyara ƙarfen kafin a shafa komai, da abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa, da hanyar da motar za ta riƙa bi, da irin kayan da za ta riƙa ɗauka.

Mota ɗaya, yanayi biyu

Tsatsa na bukatar abu biyu kafin ta kama ƙarfe: danshi da iskar oksijin. Gishiri kuma mai ingiza su ne, domin ruwan da ke da gishiri ya fi saurin gudanar da aikin da ke narkar da ƙarfe. Tsatsar da ta fito tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta cinye, ninki da dama. Shi ya sa take ɗaga fenti daga ciki, take kuma buɗe tsakanin faranti biyu da aka haɗa da kusa.

Ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta kasa yanayin wurare gwargwadon yadda suke cin ƙarfe, daga C1, wato cikin ɗaki busasshe, zuwa C5, sai kuma CX na tsakiyar teku. A matakin C3, irin na birane masu matsakaicin danshi, ƙarfen da ba shi da kariya yana rasa kauri na maikuron 25 zuwa 50 a shekarar farko. A C5, irin na bakin teku mai iskar gishiri, asarar na kaiwa maikuron 80 zuwa 200. Maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya, kuma kaurin silin gashin mutum bai cika wuce maikuron 100 ba. Ke nan farantin tanki mai kaurin 'yan milimitoci ba shi da rarar da zai yi ta bayarwa shekara da shekaru.

Matsalar babbar motar Najeriya ita ce ba ta zaune a mataki ɗaya. Motar da ta yi kwanaki a layin shiga tashar Apapa ko Tin Can, cikin laimar Legas da iskar gishiri, ita ce bayan kwana uku za ta iso Kano, tafiyar kilomita kusan dubu, inda a hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Sai a ɗauka Arewa hutu ce ga ƙarfe. Ta fuskar danshi haka ne. Amma a can ne rana ke ƙona fenti, ƙura da tsakuwar lalatattun hanyoyi suna goge shi suna fasa shi. Motar ta koma Kudu da raunuka a jiki, gishiri ya samu ƙofar shiga. Kowane ɓangare na ƙasar yana ƙarasa ɓarnar da ɗayan ya fara. Don haka mai motar da ke zirga-zirga tsakanin teku da Sahel, yanayi mafi tsanani a hanyarsa shi ya kamata ya yi wa tanadi, ko da garejinsa a Gusau yake.

Akwai kuma tsatsar da ake sayowa da kuɗi. Da yawa daga cikin kawunan tirela da ke hanyoyin ƙasar nan, irin su DAF da MAN, kwancen Turai ne. A can ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, kuma wannan gishirin yana maƙalewa a lungunan casis, wato ƙashin bayan motar. Dila ya wanke, ya fesa baƙin fenti a kai, mai saye ya ga ƙarfe sumul. Gishirin yana nan a ƙarƙashi yana jiran damina.

Kayan da ake ɗauka ma suna da nasu rabon. Fitsari da kashin shanu, takin zamani, gishiri, kanwa, jiƙaƙƙen siminti, kowanne yana da yadda yake cin ƙarfe ko abin da aka rufe shi da shi. Motar shanu da ta taso daga Arewa zuwa Agege tana yin kwanaki daɓenta jiƙe. Idan daɓen na katako ne, katakon yana riƙe wannan ruwa a jikin sandunan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa har bayan an sauke kaya.

Aikin da ba a gani

Masu sana'ar kare ƙarfe sun daɗe da yin ittifaƙi cewa mafi yawan fentin da ya lalace da wuri, rashin gyaran ƙarfe ne ya kashe shi. Sabon farantin ƙarfe yana zuwa daga masana'anta da wata baƙar fata mai sheƙi, wadda zafin murza shi ya haifar. Da yawa suna ɗaukar ta kariya ce, sai su yi fenti a kanta. Wannan fata kuwa tana tsagewa, tana ɓarewa tare da duk abin da aka shafa mata, kuma inda ta tsage ƙarfen da ya bayyana ya fi saurin rami.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a fara wanke maiƙo da gishiri, sannan a feshe ƙarfen da ƙwayoyin gurza ta ƙarfin iska har ya koma fari-fari, ba fata, ba tsatsa. Ma'aunin da aka fi nema a duniya ana kiran sa Sa 2½. Bayan tsabta, wannan feshi yana barin jikin ƙarfen da ɗan kaushi wanda fenti zai kama. Ƙarfen da aka gurza haka tsirara yake, don haka cikin 'yan sa'o'i ake so a rufe shi, musamman a Kudu, inda kafin yamma zai fara ja. Buroshin waya da samfefa, waɗanda akasarin gareji ke dogara da su, suna cire tsatsar da ta saki ne kawai. Wani lokaci ma buroshin inji goge saman tsatsar yake yi ya sa ta sheƙi, mai aiki ya zaci ya kai ga ƙarfe.

Nan akwai haɗari ga masu aikin. Inda ake yin feshin da yashin rafi saboda araha, ƙurar da ke tashi tana ɗauke da sinadarin silika, wanda ke taurare huhu, cutar da ba ta da magani. Ƙasashe da dama sun hana amfani da irin wannan yashi. Ƙwayoyin ƙarfe ko dutsen ganet su ne madadinsa.

Lokacin shafawa shi ma yana da ƙa'ida. Ana so zafin ƙarfen ya ɗara matakin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3, danshin iska kuma kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari. Fentin da aka fesa da sassafe a watan Agusta, a kan ƙarfen da ya kwana a waje, a kan raɓa aka fesa shi ko da ido bai gan ta ba. Wanda aka fesa a fili da tsakar hunturu kuma da ƙura yake bushewa. Rumfa mai katanga ta fi ƙarin gwangwani biyu amfani.

Fentin mai, da abin da yake iyawa

Abin da aka fi gani a gareji shi ne jan fentin shimfiɗa, sai a bi shi da fentin mai mai sheƙi, wanda masana ke kira alkid. Yana da araha, ana samun sa a kowace kasuwa, ba ya bukatar haɗi, kuma kowane yaron gareji zai iya gyara shi a bakin hanya. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Rauninsa shi ne laushi da rashin kauri. Shafi ɗaya bai cika wuce maikuron 30 zuwa 40 ba, danshi yana ratsa shi sannu a hankali, tsakuwa tana fasa shi, kuma ba ya jure abubuwa masu kaifin kanwa kamar jiƙaƙƙen siminti. Idan aka ƙara da al'adar tsinka shi da tina mai yawa, wani lokaci har da fetur, don gwangwani ɗaya ya yi aikin biyu, abin da ya rage a jikin ƙarfen launi ne kawai. Ga gefen bodin motar da ba ta barin Arewa, wadda ake sabunta wa fenti duk bayan shekara biyu ko uku, zai iya wadatarwa. Ga casis ɗin motar Apapa, jinkirta ɓarna ne na ɗan lokaci.

Shafi uku, kowanne da aikinsa

Tsarin da masu ƙera gadoji da tankunan ajiya da manyan kamfanonin tirela suka fi amincewa da shi hawa uku ne. Na farko fentin ifoksi mai cike da garin tutiya. Tutiya ta fi ƙarfe saurin miƙa wuya ga tsatsa, don haka idan tsakuwa ta yi wa fentin rauni har ƙasa, tutiyar da ke kewaye ce za ta fara narkewa, ƙarfen ya tsira. Sharaɗinta shi ne ta taɓa tsabtataccen ƙarfe kai tsaye. A kan tsohon fenti ko tsatsa, kuɗin tutiyar ya tafi a banza.

Na biyu ifoksi mai kauri, wanda shi ne katangar da ke tare ruwa da gishiri. Ifoksi yana da taurin jiki da riƙo, amma yana da aibi guda wanda ya shafi ƙasashe masu rana: haske yana cin samansa, ya dusashe, ya riƙa fitar da farin gari kamar alli. Mai motar da aka ce masa ifoksi ya fi kowane fenti, ya sa aka fesa shi a matsayin shafin ƙarshe a gefen tanka, zai ga launin ya mutu cikin 'yan watanni.

Shi ya sa ake rufe shi da na uku, foliyuritan mai haɗi biyu na irin da ke jure rana. Shi ne ke riƙe launi da sheƙi shekaru, yana jure zubar man dizal da gogayya. Idan tambayar ita ce wane shafin ƙarshe ya fi dacewa da sassan da rana da ruwan sama ke duka, a mafi yawan lokuta wannan ne. Jimillar kaurin hawa ukun, don yanayi irin na C4 zuwa C5, takan kama daga maikuron 200 zuwa 300 ko sama. Ma'aunin ISO 12944, wanda aka tsara don gine-ginen ƙarfe amma masu ƙera tirela ke aro, ya kasa ƙarko gida huɗu: ƙasa da shekara 7, daga 7 zuwa 15, daga 15 zuwa 25, da abin da ya haura 25. Waɗannan alƙaluma hasashen lokacin babban gyara na farko ne, kuma mota da ke shan tsakuwa kullum ba za ta kai abin da gada za ta kai ba.

Fenti mai haɗi biyu ba ya yafe ganganci. Yana zuwa da ruwan taurarawa wanda dole a auna shi daidai da yadda masana'anta ta rubuta. Da zarar an haɗa, sa'o'insa ƙidayayyu ne, kuma zafin bazara yana rage su. Akwai tazarar da ake bari tsakanin shafi da shafi. Idan aka wuce ta, sabon ba zai kama tsohon ba sai an sake kausasa shi. Ruwan taurarawar foliyuritan kuma yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke jawo wa masu fesa fenti asma a duniya. Ƙyallen da yaran gareji ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Mai motar da ya nemi wannan fenti ya kamata ya tambaya da wane irin abin rufe fuska za a fesa shi, domin ƙirjin ɗan wani ne ke biyan bambancin.

Haka batun dalma. Tsofaffin fentin shimfiɗa masu launin ja-ja na dalma, da wasu launukan rawaya da ruwan lemo, suna ɗauke da ita, kuma gurza tsohuwar mota yana tayar da ƙurarta. Arewa ta san illar dalma tun abin da ya faru a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka mutu. Iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira ga ƙasashe su sa a doka ita ce kashi 90 cikin miliyan.

Wankan tutiya

Ga sassan da za a iya kwancewa, akwai hanyar da ta fi kowane fenti juriya ga duka. Ana wanke ƙarfen da asid, a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri kusan 450. Tutiyar tana haɗewa da ƙarfen ta zama jiki ɗaya da shi, ciki da waje, har lungunan da bakin bindigar fenti ba ya kaiwa. Ita ce kariyar da ke jikin turakun fitilun titi da kwanon rufi, sai dai ta kwano siririya ce ƙwarai. Ma'aunin ISO 1461 ya nemi matsakaicin kauri na maikuron 85 a kan ƙarfen da ya wuce milimita 6. A yanayin C3 tutiya na rasa maikuron 0.7 zuwa 2.1 a shekara, a C5 kuma 4.2 zuwa 8.4. Lissafin a bayyane yake: ko a bakin teku shekara goma ne zuwa ashirin, a cikin ƙasa kuma shekaru arba'in ko fiye. Tsani, matakala, sandunan gefe, maƙalan madigadi, akwatin batir da ƙofofin baya duk sun dace da ita.

Sai dai tana da iyakoki da ya kamata a sani kafin a kashe kuɗi. Tutiya tana zaman lafiya ne a tsaka-tsaki. Abu mai tsami sosai ko mai kaifin kanwa sosai yana cin ta da sauri. Daɓen motar shanu ko ta taki, inda ruwan ƙazanta ke kwanciya, zai cinye ta kafin lokacin da lissafi ya nuna, sai an ƙara mata fenti a kai kuma ana wankewa. Ba a tsoma sifirin ko kusoshi masu tsananin tauri, saboda wankan asid na iya sa su gautsi su karye ba gargaɗi. Dogon ƙarfe siriri na iya lanƙwashewa da zafi. Bututun da aka toshe bakinsa biyu kuma na iya fashewa a cikin tukunyar idan ba a huda masa mafitar iska ba. Mai walda da ya ƙona ƙarfe mai tutiya a wuri rufaffe zai kwana da zazzaɓi saboda farin hayaƙinta, kuma wurin da ya ƙona ya rasa kariyarsa sai an shafe shi da fenti mai tutiya.

Idan aka yi fenti a kan tutiya, su biyun suna tsawaita ran juna fiye da jimillar abin da kowanne zai yi shi kaɗai. Amma fentin mai ba ya zama a kan tutiya. Yana haɗuwa da ita ya zama kamar sabulu a tsakani, ya saɓule. Duk wanda ya taɓa ganin fenti na ɓarewa daga sabon kwano ya ga wannan. Ifoksi ake fara sawa.

Fentin gari

Wannan shi ne wanda ake fesa busasshen gari da ƙarfin lantarki ya manne wa ƙarfe, a gasa a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200. Yana fitowa sumul, da tauri, ba warin tina. Ga bamba da ƙafafun taya da ƙananan sassa yana da kyau, muddin garin na foliyesta ne mai jure rana kuma an yi masa shimfiɗa. Inda yake ba da kunya shi ne idan an fesa shi kai tsaye a kan ƙarfe: tsakuwa ta fasa wuri ɗaya, tsatsa ta bi ta ƙarƙashi tana tafiya ba a gani, wata rana ya ɓare faranti guda. Ba a kuma gyara shi a bakin hanya yadda yake tun asali, tunda babu tanda a Mararrabar Jos.

Manyan masana'antun mota suna da wata hanyar, ta tsoma gangar jikin mota cikin kwamin fentin shimfiɗa a ja shi da lantarki ya shiga ko'ina, wadda ta yaɗu tun shekarun 1970. Ita ce dalilin da kan mota na kamfani yakan fi bodin da aka ƙera masa a gida daɗewa. Garejin unguwa ba zai iya kafa irin wannan ba.

Salansa da abin da ke kusa da ita dabam suke: zafinsu ya fi ƙarfin duk waɗannan, sai fentin silikon mai jure wuta. Baƙin kwalta da ake fesawa a ƙarƙashin mota yana tare tsakuwa, amma idan ya tsufa yana tsagewa ya riƙe ruwa a bayansa, ya kuma ɓoye ɓarnar daga ido. Baƙin man inji da wasu direbobi ke shafawa yana korar ruwa na ɗan lokaci, sai dai yana tara ƙura, yana lalata roba, yana kuma ɗiga a ƙasa da magudanai. Ga tankar mai, launi ma yana da aiki: fari ko ruwan azurfa yana mayar da zafin rana, baƙi yana tara shi.

Wani abin da ba ya cin ko sisi shi ne ƙira. Tsatsa tana farawa ne a gefe mai kaifi, inda fenti ke janyewa ya yi siriri, da kan tartsatsin walda, da tsakanin faranti biyu da aka ɗiga musu walda nan da can aka bar rata. A goge kaifin, a cike waldar, a bi gefuna da buroshi kafin a fesa, a huda ramin da ruwa zai fita daga duk inda zai iya kwanciya. Maƙerin da ya yi waɗannan da fenti matsakaici zai riga wanda ya tsallake su da fenti mai tsada.

Inda abin ya zama na jama'a

A 2016 ƙungiyar injiniyoyin yaƙi da tsatsa ta NACE ta ƙiyasta cewa tsatsa na jawo wa duniya asarar dala tiriliyan 2.5 a shekara, kimanin kashi 3.4 cikin ɗari na arzikin da duniya ke samarwa, kuma za a iya kauce wa kashi 15 zuwa 35 na wannan da hanyoyin da aka riga aka sani. Rabon Najeriya a ciki ana ganin sa a harabar ma'aikatu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, inda motocin shara da tankokin ruwa ke fake a kan duwatsu, bodinsu ya huje tun injinsu bai gaji ba.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce a ba da kwangila ga mafi ƙarancin farashi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka gindaya. Ƙarfin wannan doka yana cikin sharuɗɗan. Idan takardar kwangila ta ce kawai a yi wa mota fenti mai inganci da launin jiha, ɗan kwangilar da ya fesa shafi biyu na fentin mai a kan baƙar fatar ƙarfe ya cika sharaɗi, kuma shi zai fi kowa araha. Ranar ƙaddamarwa, a gaban kyamara, motarsa da ta wanda ya yi aikin ƙwarai ba su da bambanci. Sharaɗin da ke da haƙori shi ne wanda ya faɗi matakin gurza ƙarfe, da sunan kowane shafi da kaurinsa, da ajin yanayin da aka yi wa tanadi, da shekarun garanti a kan tsatsa, da wanda zai duba aikin kafin a rufe kowane hawa.

Dubawar ba ta da wuya. Akwai 'yar na'ura mai maganaɗisu, girmanta bai wuce wayar hannu ba, da ake ɗorawa a jikin ƙarfe ta nuna kaurin fenti nan take. Akwai gwajin tsaga fenti da reza a manna salatif a fizge don a ga riƙonsa. Masu sayar da fenti suna son ambaton sa'o'in da kayansu ya yi a akwatin feshin gishiri, gwajin da ake yi da ruwa mai gishiri kashi 5 cikin ɗari a zafin digiri 35. Yana da amfani wajen kama aikin banza, amma babu rana a cikin akwatin, babu tsakuwa, babu bushewa da sake jiƙewa, don haka sa'o'i dubu a can ba sa fassaruwa zuwa wasu shekaru a hanyar Lokoja.

A kan tankokin mai, maganar ta wuce kuɗi. Bayan gobarar Majiya a Jigawa cikin Oktoban 2024, wadda ta kashe mutum fiye da 150, da ta mahaɗar Dikko a Neja cikin Janairun 2025, hukumar NMDPRA ta hana lodin tankoki masu ɗaukar lita 60,000 daga 1 ga Maris na 2025. Muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga girman tanki, da gudu, da lalacewar hanyoyi, da masu rububin kwasar mai, kuma duk suna kan hanya. Amma abin da ke raba faɗuwar mota da malalar fetur shi ne ƙarfin farantin tankin da waldarsa da murafensa. Tanki yana tsatsa daga waje, a ƙarƙashin maɗaurai da kan gadon da yake zaune, yana kuma yi daga ciki, inda ruwan da ke cikin mai ke kwanciya a ƙasa. Sabon fenti a waje ba ya nuna ko ɗaya daga ciki. Na'urar auna kaurin ƙarfe da sauti ce ke nunawa, kuma ita ma ana riƙe ta a hannu ɗaya.

Takardun kwangilar motocin hukumomin tarayya suna cikin bayanan da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar nema, kuma dokar ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Wanda ya samu irin wannan takarda, shafin bayanin ƙirar mota zai buɗe, ya nemi layin da ya yi maganar fenti, ya duba ko akwai adadin maikuron a ciki.